Karen Jamus Mai Yawan Haushi

A hutun da ya wuce na je wurin kawuna, wanda yake aikin likitan dabbobi. Ina shiga gidan sai na ji wani irin haushi mai kauri, har na ja da baya, ina tsammanin wani ƙaton kare ne zai fito. Da na duba sai ga wani ɗan abu mai dogon jiki, da gajerun ƙafafu, da kunnuwa fato-fato. Wani abokin aikin Kawu ne ya yi tafiya ya bar masa shi amana. Yaran gidan suna kiransa Guntu.

Haushin Guntu kuwa ya riga ya ba maƙwabta haushi. Sau biyu suna aiko wa Kawu cewa ba sa samun barci, har wani ya rantse zai sa masa guba. Ni ma na ce, "Kawu, me zai hana a zane shi da bulala ya yi shiru?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, zauna ka fara jin asalinsa tukuna."

Wannan kare sunansa Dachshund, kuma asalinsa daga ƙasar Jamus ne. Ma'anar sunan a Jamusanci ita ce karen farautar wata dabba mai zama a rami, dangin dage. Jamusawa suna ji da shi ƙwarai, har a wasannin Olamfik na birnin Munik a 1972 hotonsa suka ɗauka ya zama alamar wasannin, suka sa masa suna Waldi. Maharban Jamus sun daɗe suna zaɓen masu gajerun ƙafafu domin su iya kutsawa cikin rami. To, in kare ya shige ƙarƙashin ƙasa, ta yaya maharbi zai san inda yake? Sai ta muryarsa. Saboda haka wanda ya fi ƙarfin haushi da naci shi ake bari ya hayayyafa. Ashe haushin Guntu gado ne, ba iskanci ba.

Kawu ya ce tun da hali zanen dutse ne, ba za a raba shi da haushi ɗungum ba, amma ana iya rage shi. Ya ba ni littafi da fensir ya ce in riƙa rubuta lokacin da Guntu ya yi haushi da abin da ya jawo. Bayan kwana uku muka gane dalilai uku.

Na farko, masu wucewa ta bakin ƙofa. Da ya hango mai talla sai ya hau haushi, mai talla kuwa ya wuce abinsa. A ganin Guntu shi ne ya kore shi, don haka gobe sai ya ƙara himma. Maganin wannan bai yi wuya ba. Muka kafa zana a jikin ƙofar yadda ba zai hangi titi ba.

Na biyu, zaman banza. Karen da aka halitta da son farauta, in ya wuni a ɗaure, dole ƙarfinsa ya fita ta baki. Muka fara zagayawa da shi safe da yamma. Mukan ɓoye ɗan nama a cikin yashi a bayan gida ya yi ta shinshina yana tono. In ya gaji sai barci.

Na uku, kaɗaici. Da ya ga an fita an bar shi sai ya fara. Muka koya masa zama shi kaɗai a hankali, yau minti 2, gobe minti 5, har ya gane cewa wanda ya fita zai dawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsawa ba ta hana shi. In ka daka masa tsawa, gani yake ka shigo taya shi ne. Duka kuma tsoro yake ƙara masa, kare mai tsoro kuwa ya fi kowane haushi, har yakan yi cizo. Dabarar ita ce ka jira ya tsagaita, ka ce "shiru" da murya a kwance, nan take ka ba shi ɗan abin taɓawa. In ya yi haushi don a kula shi, sai a kau da kai.

Kawu ya ƙara da gargaɗi guda. Saboda tsawon bayansu, waɗannan karnuka suna yawan ciwon ƙashin baya. In ka ga kare ya canza hali farat ɗaya, yana kuka in an ɗaga shi, to likita za a kai shi, ba horo ba.

Kafin hutu ya ƙare Guntu yakan yi haushi sau biyu ko uku in baƙo ya zo, a ce "shiru" ya yi shiru. Maƙwabcin da ya yi rantsuwa bai sake aikowa ba. 'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu kiwon kare, kafin mu ɗauki bulala, mu fara binciken abin da yake sa shi haushi.