Latas ɗin da ke kan waakye: da wane ruwa aka shayar da shi?

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Circle ya leƙa kogin Odaw, ya san ba ruwan da za a yi alwala da shi ba ne. Babbar gwatar da ta ratsa Nima da Maamobi a cikinsa take zuba, shi kuma ya wuce zuwa tafkin Korle. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, irin waɗannan rafuka da magudanai su ne ke shayar da gonakin lambu na Dzorwulu da Roman Ridge da Korle Bu, inda latas da kabeji da ganyen albasa suke fitowa. Manoman kuwa galibinsu 'yan uwanmu ne Musulmi daga Arewa da Burkina Faso.

Hukumar binciken kimiyya ta gwamnatin Ghana, wato CSIR, tana da Cibiyar Binciken Ruwa a nan Accra tun 1996, kuma a harabar hukumar ne cibiyar IWMI ta ƙasa da ƙasa ta buɗe ofishinta. A tsakiyar shekarun 2000 masana na IWMI da na jami'ar KNUST ta Kumasi suka bi latas tun daga kunya har zuwa faranti. Sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 200,000 ne ke cin ɗanyen ganye kullum a Accra a wajen masu sayar da abinci, suka kuma sami ƙwayoyin cutar da ke cikin bayan gida da ƙwan tsutsar ciki a kan mafi yawan ganyen da suka auna.

A gona, sun gano cewa idan manomi ya daina ban ruwa kwana biyu zuwa huɗu kafin ya cire, zafin rana na kashe ƙwayoyi masu yawa, musamman da rani. Amma latas yana yaushi, nauyinsa ya ragu, mai sari kuma ba ta son yausasshe. Ga shi filin ba na manomin ba ne. Wasu ma a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki suke noma. Wanda ba shi da tabbacin zai kai baɗi a fili, yaya zai zuba kuɗinsa a rijiya? A nan, a ganinmu, nauyi yana kan hukumomin filaye fiye da kan manomi.

Sashen da ya fi shafar uwargida shi ne na wanki. Binciken 2007 ya kwatanta yadda ake wanke ganye a biranen Afirka ta Yamma. A ƙasashe masu Faransanci an saba da ɗigon ruwan Javel ko garin famanganet, a Ghana kuwa da ruwan gishiri. Sai ga shi ɗan gishirin da muke barbaɗawa ba ya yin wani abin kirki. Kafin ya yi tasiri sai ya yi yawan da zai lalata ganyen. Abin da ya fi amfani shi ne a cire ganyen waje, a wanke sauran ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ruwa mai gudana domin ƙwan tsutsa ya fita, sannan a jiƙa minti biyar zuwa goma a cikin ruwan khal, wato binega, awo ɗaya a cikin awo biyar na ruwa. Ɗigo biyu don ƙanshi ba wanki ba ne.

A makarantar allo da ta zaure mun koyi cewa ruwa yana fita daga tsarki idan najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa. Wannan hukuncin ibada ne, yana nan daram. Sai dai ƙwayar cuta ba ta canza ko ɗaya daga cikin ukun. Bokitin da mai ganye take yayyafa wa kayanta ruwa daga safe har la'asar yana iya zama garau a ido, alhali duk abin da latas na farko ya ɗauko daga gona yana cikinsa, yana komawa kan na ƙarshe.