Ba Zinariya Kaɗai ke Ƙarƙashin Ƙasar Ɗan Issa ba

A shekarar 2021 sunan Ɗan Issa, a ƙasar Madarumfa, ya karaɗe kafafen labarai saboda tono. Magana ta bazu cewa zinariya ta ɓulla a karkarar, kafin a ce kwabo dubban mutane sun kwararo daga sassan Nijar da tsallaken iyaka ta Jibiya, kowa da digarsa da shebur da igiya. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba ramuka suka rufta a Garin Liman. Rahoton farko ya ce mutum 18 suka rasu, hukuma kuma ta rufe wurin. Allah ya jiƙansu da rahama. Amma rufe rami bai kankare abin da aka koya ba. Yau ƙasar Madarumfa cike take da samarin da suka iya haƙa, suka san yadda launin ƙasa ke sauyawa hawa-hawa, suka kuma saba da jin cewa arziki yana ƙarƙashin ƙafarsu. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a yi maganar ɗaya dukiyar da ke kwance a ƙasar, wadda ba ta hawa sikeli: tarkacen da mutanen da suka riga mu suka bari.

A Ingila da Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tonon tsohon juji da bin gaɓar rafi suna neman tsofaffin kwalabe. A Landan, idan ruwan kogin Tems ya janye, sai ka ga mutane sun duƙa cikin laka suna tsintar tukunyar taba ta yumɓu da maɓallai da tsabar kuɗi. Ba a shiga sai da lasisin hukumar tashar jiragen ruwan birnin, kuma abin da ya haura shekara 300 sai an kai wa jami'in gidan tarihi ya rubuta shi. A Amurka har ramukan masai na ƙarni na 19 ake tonewa, don nan aka riƙa jefa kwalaben magani da na turare. Daga jikin kwalba suke karanta shekarunta. Wadda aka busa da baki sau da yawa tana da tabo a gindi da 'yan kumfa cikin gilashi, wadda inji ya buga kuwa layin haɗinta ya kai har leɓe, kuma irin wannan injin Michael Owens ya fito da shi a 1903.

Wanda ya zo Ɗan Issa da wannan niyya zai sha rana a banza. A wurinmu kwalba ba ta zuwa juji da ranta. Ta gama aikin lemo ta koma ta man gyaɗa, ta bar wannan ta koma ta kananzir ko ta tsimi. A tsaya bakin titin da ya tashi daga Maraɗi ya nufi Jibiya a ga 'yan ruwa-ruwa sun jera kwalabe a tebur, fetur na ƙyalli a rana, ga mazurari rataye a gefe. 'Yar kwalbar Bintu Sudan, turaren da aka fara haɗawa tun 1920, idan ta ƙare almajiri ya samu ta zuba tawada. Wadda ta fashe ma ba ta huta ba: ko a kafa ta a kan katanga saboda ɓarawo, ko ta faɗa hannun irin Masaga na Bida, waɗanda suka daɗe suna narka gilashi su fitar da ƙarau da duwatsun wuya. Shi kansa jujin ba a barinsa ya tsufa, da rani ake kwashe shi a mangala ko amalanke a kai gona ya zama taki.

Tamu tsohuwar ajiyar tana kufai, kuma yankin nan yana da dalilin tara kufai fiye da wurare da yawa. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a wajajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, aka kara a Ɗankama, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi a wajajen 1819. Tun daga nan, kusan ƙarni guda, ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ta zama hanyar mahara. Yau dawakin Maraɗi su yi kudu, gobe na Katsina su yi arewa, talakan da ke tsakiya ya ɗaure kayansa ya nemi gari mai ganuwa. Da matafiyi Heinrich Barth ya bi daga Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, daji ya ratsa, ya kuma wuce ta kufan Ɗankama. Sai da yaƙi ya kwanta, Faransa da Ingila suka ja iyakarsu a farkon ƙarni na 20, sannan mutane suka dawo suka sare dajin suka yi gonaki, galibi a kan mazaunin waɗanda suka riga su. Maraɗi kanta ta bar kufai: tsohon garin a kwari yake, ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka hau da shi tudu.

Gulbin nan shi ne babban mai tono. Yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa ƙasar Madarumfa ya nufi Maraɗi. Kowace damina yakan zaftare gaɓa, kwazazzabai su buɗe baki, abin da ƙasa ta rufe ya leƙo. Manomi ya san alamar kufai ko ba a gaya masa ba: ƙasar ta fi duhu, ta fi toka, gero ya fi kyau a wurin, ga tsohuwar kuka ko tsamiya, hauya kuma sai cin karo take da tsingaro. Mai buga tubali da maginin rijiya sun fi shi gani, don sun fi shi nisa a ƙasa.

Waɗannan tarkace suna magana ga wanda ya iya tambayarsu. A ɗauki tsingaro a juya shi a hannu. Zanen da ke bayansa, wanda maginiya ta yi da murɗaɗɗiyar igiya ko shatin tabarma tun yumɓun na ɗanye, yana sauyawa daga zamani zuwa zamani, daga jama'a zuwa jama'a. Guntun tukunyar taba yana nuna cewa hawan ƙasar da ya fito bai girmi wajajen 1600 ba, don taba daga Amurka ta zo. Ɗiyan wuri daga tekun Indiya suka taso, kuma a Kano ta 1851 wuri 2,500 ke sayen liyari ɗaya. Kashin ƙarfe tsibi guda shaida ce cewa an taɓa dafa tama a wurin. Anini mai huda ya ce an shigo zamanin Nasara. Shi kuwa santsin dutsen nan da muke kira gatarin aradu, hannun mutum ne ya wasa shi, tun kafin a san ƙarfe.

Duk wannan karatu yana yiwuwa ne idan an san inda abu ya kwanta, da zurfinsa, da abin da ke gefensa. Ɗan gawayin da mai tono zai watsar da shebur, shi ake aunawa a san shekarun wurin. Tukunyar da aka fizge aka kai wa dillali kamar shaida ce da aka yanke wa harshe kafin ta isa gaban alƙali.

Ba sai an je nesa ba a ga bambancin. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a gabashin Katsina, akwai tuddan kaburburan manya na da. Wani Bature mai suna Palmer ya tona wasu a 1907. A 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka sake aiki a wurin, wannan karon da natsuwa: suka ɗago kabarin da ƙasarsa dunƙule, daga baya aka buɗe shi sannu a hankali a ɗakin bincike a birnin Mainz. Aka samu kayan ado na zinariya, da tasoshin ƙarfe masu alaƙa da ƙasashen Musulmi na gabas, da hauren giwa, da wuri, da duwatsun gilashi, har da guntayen tufa. Daga nan aka tabbatar cewa ƙarnuka da dama kafin jihadi masu mulkin ƙasar Katsina suna cinikin da ya kai bayan Sahara. Da da dare aka tona wurin, da zinariyar ta narke a wurin maƙerin fari, sauran kuma an tattake. Haka a Kufan Kanawa, a ƙasar Damagaram, mai binciken kayan tarihi Anne Haour ta yi aiki a kan tsingaro da ragowar ganuwa, abubuwan da ba wanda zai saya, ta fito da bayanin da ake kafa hujja da shi a tarihin garuruwan Hausa.

Ɗaya fuskar kuma ita ce Bura, a ƙasar Tera. An gano wurin a 1975, Farfesa Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai ya tona shi a 1983, ya samu ɗaruruwan tukwanen binne mamata da mutum-mutumin mahayin doki. Da aka nuna kayan a Faransa a shekarun 1990, kasuwa ta buɗe, ƙauyuka suka ɗauki diga, aka yi wa maƙabartun yankin kaca-kaca. Nok ta Najeriya ta sha irin wannan, haka mutum-mutumin yumɓu na ƙasashen Sakkwato da Katsina, waɗanda galibinsu sun isa kantunan Turai ba tare da an san ramin da suka fito ba. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa dukansu cikin jerin kayan da ake gargaɗin kada a saya. Abin da ke min zafi a nan, kayan da ake kira na Katsina mai yiwuwa kayan kakannin mutanen gulbin nan ne, na wannan gefen iyaka da na wancan.

Ban ga amfanin zagin yaron da ya tona ba. Ya ga fari, ya ga tsadar buhu, wani ya zo da kuɗi a hannu. Abin da aka ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata, ribar tana can gaba. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, Najeriya tun 1979, ga yarjejeniyar UNESCO ta 1970, amma doka da ke Yamai ba ta tsaron kwazazzabo da dare. Akwai kuma masu cewa ai kayan jahiliyya ne, a bar su su tafi. Ina girmama masu wannan magana, amma ina tuna musu cewa yawancin abin da ake wawushewa daga kabari yake fitowa, kuma tone kabarin ɗan Adam don kuɗi ba tarbiyyarmu ba ce. Mutanen da suka kiyaye kusheyin waliyyai 99 na bakin tafkin Madarumfa har yau ana ziyara ba su buƙatar a koya musu darajar wuri.

Abin da ya ɓace shi ne hanya mai sauƙi tsakanin wanda ya tsinta da wanda ya iya karantawa. Yau kusan kowane ƙauye akwai waya mai ɗaukar hoto. Wanda hauyarsa ta ci karo da tukunya a binne, ya bar ta inda take, ya ɗauki hoto da wani abu a gefe don a san girmanta, ya gaya wa mai gari. Mai gari ya sanar da ofishin magajin gari, a ajiye littafi guda a rubuta wurin da ranar da sunan mai gonar. Daga nan malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da na IRSH su samu abin bi. Sai dai dole a tabbatar wa manomi abu biyu tun farko: ba za a ƙwace masa gona ba, ba za a kira masa jandarma ba. Idan aikin tono ya tashi, shi da 'ya'yansa za a fara ɗauka, kuma samarin da suka koyi rami a wurin zinariya sun fi kowa cancantar ladan.

Maganar tana da gaggawa saboda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021. Daga Jibiya ta wannan ƙasa zai ratsa. Abin da katafila za ta ture a wuni ɗaya ya fi abin da gulbi ke zaftarewa a damina da yawa. Kafin ta iso, ya kamata a samu masana biyu ko uku su taka layin da ƙafa tare da dattawan kowane ƙauye, a nuna musu kufai ɗaya bayan ɗaya, a sa alama, a tona abin da za a iya tonawa da tsari.