Hunturu Da Bakwaini: Ɗumin Uwa Ya Fi Garwashi

Duk shekara idan watan Nuwamba ya raba tsakiya, iskar arewa maso gabas ta kan taso daga Hamadar Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe garuruwa tun daga Maiduguri da Damagaram har zuwa Sakkwato. Daga nan har shigowar bazara sai hazo da kaushi da faso, sai kuma tari da majina a kusan kowane gida. Ga babban mutum mai ƙoshin lafiya, murar hunturu abin mako guda ce, ya sha kunu mai yaji ya wartsake. Amma akwai wanda wannan mura ke iya zame wa ajali, watau jaririn da ya zo duniya kafin lokacinsa.

Hausawa sun saba kiran wanda aka haifa a wata na bakwai bakwaini. Likitoci kuwa sun sanya duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 a wannan sahu, kuma su kan ba da irin kulawarsa ga wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba, da wanda aka haifa da ciwon zuciya ko na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini miliyan 13 da dubu 400 a duniya, watau kimanin ɗaya cikin kowace haihuwa 10.

ABIN DA YA SA YA KE DA RAUNI

A watanni uku na ƙarshen ciki ne ɗan tayi ke tara kitsen da zai riƙe masa ɗumi, a nan ne kuma ya ke karɓar mafi yawan garkuwar jiki daga jinin uwarsa, huhunsa kuma ya ƙarasa nuna. Wanda ya fito da wuri ya baro wannan guzuri bai gama ɗauka ba. Fatarsa sirara ce, zafin jikinsa na zurarewa da sauri, musamman ta kai, hanyoyin numfashinsa kuma ƙanana ne ƙwarai, ta yadda 'yar majinar da babba zai fyace ya manta ta isa ta toshe su.

Sanyi da kansa ba shi ke haifar da mura ba. Ƙwayoyin cuta ne ke haifar da ita, kuma daga mutum su ke zuwa ga mutum, ta tari da atishawa da hannun da aka fyace majina da shi. Aikin hunturu shi ne ya busar da hanci da maƙogwaro, ya kuma tara mutane a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga. Cikin waɗannan ƙwayoyi akwai wadda likitoci ke kira RSV, wadda kusan kowane yaro ke kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2. Ga yawancin yara mura ce kurum, amma an ƙiyasta cewa a 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 100, kusan dukkansu a ƙasashe masu tasowa. Ita kam ba ta jiran hunturu, da damina ma ta kan yaɗu.

'YAN BARKA DA RANAR SUNA

Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa ya ke. Da zarar an ji guɗar haihuwa sai gida ya cika da 'yan barka, kowace ta karɓi jariri ta yi masa addu'a, ta sumbace shi, ta miƙa wa ta kusa da ita. Ran suna kuwa hannun da zai taɓa shi sai ya fi a ƙirga. Duk ƙauna ce ta kawo su, amma idan guda ɗaya daga cikinsu na fama da mura, ta isa.

Mai jego ba ta da bakin hanawa, balle idan ɗan fari ne, inda kunya ke hana ta ko nuna damuwa da shi a gaban surukai. Saboda haka wannan nauyi na kan maigida ne da kakar yaron. Idan uwar miji ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Ku yi haƙuri, likita ya hana a ɗauke shi, ku yi masa addu'a daga nan,” babu wadda za ta ji haushi. Shi kansa raɗin suna maza ke yinsa da safe a ƙofar gida, ba a buƙatar fito da jariri. Aski kuma ana iya jinkirta shi har yaro ya yi ƙwari, cire beli kuwa likitoci sun hana shi sam, domin jinin da zai zuba da cutar da aska ke iya sawa sun fi ƙarfinsa.

Duk wanda zai taɓa shi ya wanke hannu da ruwa da sabulu tukuna. Yayyensa da ke dawowa daga makarantar boko ko ta allo su ne suka fi kwaso mura, don haka a raba musu makwanci. Idan uwar ce ta kamu, kada ta daina ba shi mama, sai dai ta rufe hanci da baki da ƙyalle, ta kuma yawaita wanke hannu, gama nononta na ɗauke da garkuwar da ya ke bukata.

KASKON WUTA KO ƘIRJIN UWA

An saba idan dare ya yi a shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego, a zuba turaren wuta, a ja ƙyaure. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki ya kan fitar da wata iska mai guba, marar launi marar wari, wadda ke iya kashe mutum yana barci. Hayaƙin itace da na turare da na taba kuma su kan fusata huhun jariri, su share wa ciwon huhu hanya. Haka nan man zafi da kafur, kada a shafa masa su a hanci.

Akwai ɗumin da ya fi wannan, ba ya kuma cin ko kwabo. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, kwalaben renon bakwaini sun yi ƙaranci, sai wani likita mai suna Edgar Rey ya fara sa uwaye su ɗora 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata, a ɗaure su da zane. An raɗa wa dabarar sunan kangaru, dabbar nan ta Ostareliya mai renon ɗanta a cikin jakar cikinta. A 2021 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga, aka ga cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yinsa awa 8 zuwa 24 a kullum.

Goyo ba baƙon abu ba ne ga Bahaushiya, juyo shi kurum za a yi daga baya zuwa gaba. A sa wa jariri hula da safa da ƙyallen tsuguno, a kwantar da shi a miƙe tsakanin nonuwa, a juya fuskarsa gefe don ya sha iska, sa'an nan a rufa da zane. Idan uwa za ta yi wanka ko salla, uba ko kaka su karɓe ta. Wanka kuwa kada a yi masa a yinin farko, daga baya ma a bari sai rana ta ɗaga, a yi da ruwan ɗumi a gaggauce. Abincinsa nonon uwa zalla har wata 6, tun daga dakashi, ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo. Wanda bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta.

ALLURA DA ALAMOMIN HAƊARI

Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba allurar rigakafin mura mai tsanani. Amma allurar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 na kare shi daga tarin shiƙa da mashaƙo da wasu nau'o'in ciwon huhu da sanƙarau, kuma daga ranar haihuwarsa ake ƙirgawa, ba a jira wai sai ya yi ƙiba.

Iyaye su lura da numfashinsa. Idan jaririn da bai kai wata 2 ba yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko yana nishi, ko numfashin na ɗaukewa, ko leɓensa ya canja launi, ko ya ƙi mama, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, to, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Bakwaini sau da yawa ba ya zazzaɓi, sai dai a ga ya yi laƙwas. Maganin tari na kwalba da ake saye a kemis ba na jarirai ba ne, ɓata lokaci ne kawai.

Saboda haka ya kamata maigidan da Allah ya ba bakwaini ya tanadi kuɗin mota da wanda zai kai su asibiti tun kafin bukata ta taso. 'Yan'uwa da maƙwabta kuma su sani cewa mai murar da ya tsaya daga waje ya aika da barkarsa bai yanke zumunci ba. Hunturu wata uku ne ko huɗu, zai wuce, a zo a ɗauki yaro a yi masa wasa yadda ake so.