Goro: ƙarfi yake ƙarawa, ko gajiya yake ɓoyewa?

Masu saurarenmu daga Maraɗi har Jibiya, daga Ƙonni har Illela, ga abin da muka tattauna a filin lafiya na wannan mako. Wanda ya ɓara goro kafin ya bi shanu, ko kafin ya fara dakon buhuna, da gaske ƙarfinsa na ƙaruwa?

E, goro na taimakawa, amma ba yadda kake zato ba. A cikinsa akwai sinadarin kafeyin, irin na shayi da kofi. In ka daɗe kana aiki, wani sinadari mai suna adenosin yakan taru a ƙwaƙwalwa, shi ke sanar da kai ka gaji. Kafeyin sai ya tare masa hanya, saƙon bai iso sosai ba. Gwajin da aka yi wa 'yan gudu da masu tseren keke ya nuna miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin mutum na ƙara juriya kaɗan, kamar awa ɗaya bayan an sha. Har hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta taɓa sa masa iyaka, sai a 2004 ta cire shi daga jerin haramtattu.

To amma ɗan'uwa makiyayi, ɗan tsere yana gamawa ya sha ruwa ya huta, kai ko wuni za ka yi cikin rana. Goro ba ya maye gurbin fura da nono, ba ya mayar da ruwan da ka zubar ta gumi. Gajiyar tana nan, jinta ne ya ragu. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, ko ƙwarya guda ya ci, barci na iya fizgarsa a kan sitiyari. Kuma bayan awa 5, kusan rabin kafeyin ɗin na nan a jini, shi ya sa goron la'asar ke hana wasu barci. Mai hawan jini, mai gyambon ciki da mace mai juna biyu, ku rage.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙulle-ƙullen "maganin ƙarfi" na tasha, marasa suna, marasa lambar rajista. Ba ka san abin da aka zuba ciki ba. Mai tallar da ya haɗa maka da tramadol kuwa, ka ce a'a: ba ganye ba ne, yana kama mutum ya kasa bari, in ya yi yawa har jijjiga yake sawa kamar farfaɗiya.