Fitar da Harafi a Aljebra: A Daina Dogaro da "Tsallake"

'Yan uwa ɗalibai, ga wata tambaya da ke cinye makin mutane a jarrabawa: a ba ka fomula, a ce ka fitar da harafi ɗaya ya tsaya shi kaɗai. 'Yan injiniya, 'yan kimiyyar lab, har 'yan akanta, ba wanda ya tsira.

Yawancinmu tun sakandare aka haddace mana cewa idan lamba ta tsallake alamar daidai (=), sai ta canza alama. To, a 3x + 5 = 20 dokar tana aiki: 3x = 20 − 5, wato 15. Amma sai ka ga mutum ya zo kan 3 ɗin nan ya ce ai ita ma ta tsallake, ya rubuta x = 15 ÷ (−3). Ina! Ba abin da ke tsallakewa. Lissafin sikeli ne mai kwano biyu, duk abin da ka yi wa hagu dole ka yi wa dama. Ka ɗebe 5 a kowane ɓangare, ka raba kowane da 3, x = 5. Shi ke nan.

Sunan aljebra ma daga nan ya samo asali. Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kalmar al-jabr da ke cikin sunan littafin tana nufin ƙara abu ɗaya a ɓangarorin biyu don cike wanda aka ɗebe.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wanne za a fara cirewa. Ɗauki fomular zafi, F = 1.8C + 32, a ce ka fitar da C. Duba abin da aka yi wa C: an ninka ta da 1.8, sannan aka ƙara 32. Mai sanye da 'yar ciki da babbar riga, ai ta saman zai fara tuɓewa. Don haka 32 za ka fara ɗebewa: F − 32 = 1.8C. Sannan ka raba da 1.8: C = (F − 32) ÷ 1.8.

Kar ka raina baka biyun nan. Gwada da F = 98.6, zafin jikin mai lafiya: 66.6 ÷ 1.8 = 37, daidai. Wanda ya yar da su ya rubuta C = F ÷ 1.8 − 32 zai sami kusan 22.8. Malam, wannan ai ba zafin jikin mai rai ba ne! Laifinsa shi ne ya raba F kaɗai, ya manta da 32.

Haka y = mx + c take: x = (y − c) ÷ m, muddin m ba sifili ba ce. Kafin ka miƙa takarda, mayar da amsarka cikin tambayar ta asali: 3 sau 5 a ƙara 5, ashirin ya fito. Ba ya cin minti ɗaya, kuma lakcara ma haka yake dubawa.