Bindiga a Hannun Farar Hula: Muhawarar da Ta Iso Bakin Iyakar Gaya

Mallakar bindiga a Nijar izini ne da hukuma ke bayarwa, kuma tana iya janye shi. Mai son riƙe bindigar farauta ko ƙaramar bindiga sai ya nemi takarda daga ma'aikatar cikin gida, makaman yaƙi kuwa na jami'an tsaro ne kaɗai. A Amurka abin ya sha bamban, domin gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya sanya riƙe makami cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Saboda haka gardamar da ake yi a yankin Sahel ba ta tsarin mulki ba ce. Tambayar ita ce: wa zai kare ƙauye idan jami'an tsaro suna nesa?

Gaya, a kudancin jihar Dosso, wuri ne da wannan tambaya take da nauyi. Garin yana bakin kogin Isa, gada ta haɗa shi da Malanville ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi tana gabas da shi, gandun dajin W kuma yana yamma. Dokokin ƙasashe uku ne suka haɗu a nan, kowace ta tsaya a iyakarta, alhali mai fasa-ƙwauri yana ratsa duka ukun ta ruwa ko ta hanyar daji a kan babur.

Bindigogin ma ba ɗaya suke ba. Akwai adaka, wadda maƙera ke ƙerawa: a ɗura mata albarushi ta baki, a cusa guntayen ƙarfe, a danna da sanda, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Ita maharba suka gada, da ita ake korar dabbobin da ke ɓarna a gona. Akwai kuma AK-47, mai ɗaukar harsashi 30 a zubi ɗaya. Irinta ta yawaita bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, wasu kuma ƴan bindiga ne ke kwasowa daga sansanonin soja da suka kai wa hari.

Nijar ta daɗe tana ƙoƙarin rage makamai. A 1994, lokacin tawayen arewa, ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI. A watan Satumban 2000 aka ƙone bindigogi sama da dubu a Agadas don tabbatar da sulhu. Ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta dakatar da shigo da ƙananan makamai a 1998, sannan a 2006 ta amince da yarjejeniya a Abuja, wadda ta fara aiki a 2009. Yarjejeniyar ta wajabta lasisi ga farar hula, da sanya wa kowane makami lamba don a iya bin sawunsa. A Najeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ce ke aiki, kuma ko adaka tana buƙatar izinin ƴan sanda.

Masu goyon bayan a sassauta doka suna cewa mai bin doka kaɗai take ɗaurewa, domin ɓarawon shanu ba ya neman takarda. Wannan ra'ayi ya samu bakin manya a Najeriya: a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makamai, a watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga. Babban hafsan tsaron ƙasar na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ƙi amincewa da hakan.

Masu adawa suna kafa hujja da abin da ya riga ya faru. A Zamfara, kisan da ake zargin ƴan sa-kai da yi wa Fulani ba tare da shari'a ba ya jawo ramuwar gayya, rikici ya ƙara ruruwa. A Banibangu ta jihar Tilaberi, a watan Nuwamban 2021, an kashe mutum 69 cikin ƴan banga da magajin garinsu da suka fita neman mahara, abin da ya nuna ƙaramin makami ba ya tare wanda ya fi shi. A yanki irin na Gaya, inda gonaki da burtali ke maƙwabtaka, bindiga a gida tana iya mai da rigimar ɓarnar amfanin gona ta zama zubar da jini.

Wasu hukumomi sun bi hanyar tsakiya, wato ba wa zaɓaɓɓun mutane horo da makami ƙarƙashin kulawar gwamnati. Burkina Faso ta kafa irin wannan runduna a 2020, jihar Katsina ta kafa tata a 2023, duk da cewa ƙorafin wuce gona da iri bai ƙare ba.

Sauye-sauyen siyasa sun ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe gadar Gaya, fasinjoji da kaya suka koma kwale-kwale, inda bincike ya fi wuya ga jandarma da duwan. A watan Janairun 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, ga kuma ƴan bindigar Lakurawa da ke kai-komo tsakanin Kebbi, Sakkwato da Dosso. Rajistar bindigogin maharba, sa ido a kan maƙera da bin sawun harsashi ayyuka ne da ke buƙatar haɗin kan Yamai, Abuja da Kwatano, domin ƙasa ɗaya ba ta iya tsare iyaka mai fuska uku.