Yadda Ake Auna Dacewar Shafukan Intanet Ga Masu Buƙata Ta Musamman

Ganin yadda sanarwar ɗaukar ma'aikata da ta tallafin karatu suka koma intanet, ya zama wajibi mu tambayi kanmu: shin makaho da ke zaune a Mashi, cikin shiyyar Daura, zai iya karanta sanarwa ya cike fom ba tare da ɗan jagora ba? Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa kowa bambanci saboda nakasa.

Ma'aunin da duniya ke bi shi ne WCAG na ƙungiyar W3C, wanda ya fara fitowa a 1999, aka kuma sabunta shi a 2023.

Gwaji mafi muhimmanci a ganinmu shi ne a buɗe shafin da manhajar da ke karanta rubutu da murya, kamar NVDA a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android. A nan kuskuren da aka fi yi ke bayyana: takardar da aka ɗauki hotonta aka ɗora. Mai ido zai karanta, amma manhajar ba za ta furta komai ba. Don haka sai an buga sanarwar da haruffa, kowane hoto kuma a yi masa gajeren bayani.

Bayan haka a ajiye linzamin kwamfuta, a gwada zagaya shafin da madannai kaɗai, domin masu lalurar hannu. A kuma ninka girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari, a tabbatar babu abin da ya ɓace. Bidiyo kuwa yana buƙatar rubutu a ƙasansa saboda kurame.